TARIHIN ASIBITIN JASRA NA BIRNIN DOHA, MAI GADO 12

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya saukar da cuta, Ya kuma saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

A zamanin nan da wuya ka shiga wata unguwar Zango, daga Ankara zuwa Kumasi har Tamale, ka rasa gidan da ɗansa ya tafi ƙasar Ƙatar neman abinci. In sun komo, labarinsu duk na dogayen gine-gine ne, da tituna masu faɗi, da asibitoci kamar fadar sarakuna. Tun ba ma bayan wasan ƙwallon duniya na 2022 ba, wanda 'yan wasan Ghana suka je. Mai jin labarin sai ya zaci haka Allah Ya halicci garin. To, ba haka ba ne. Akwai dattawa da ransu yau waɗanda aka haifa sa'ad da babu asibiti ko ɗaya a birnin Doha. Na farko an buɗe shi ne cikin 1947, gadonsa 12, likitansa 1, kuma ba Gwamnati ke tafiyar da shi ba. Tarihinsa na ke so in kawo muku, domin akwai abin lura a ciki ga jama'a irin tamu.

ƘASAR ƘATAR KAFIN MAI

Ƙatar wani ɗan yanki ne da ya fita daga jikin ƙasar Larabawa ya kutsa cikin teku, ruwa ya kewaye shi ta gefe uku. Rairayi ne da duwatsu, ba kogi, ruwan sama kuwa kaɗan ne ƙwarai. Noma bai ci da kowa ba. Abin da mutanen ke rayuwa da shi a dā shi ne lu'ulu'u, wanda su ke nutso su tsinto a ƙarƙashin teku, sai kamun kifi da kiwon raƙuma.

Wani Baturen Ingila mai suna Lorimer, wanda ya tattara labarin ƙasashen wannan teku a farkon ƙarni na 20, ya ƙiyasta mutanen Ƙatar duka wajen 27,000, jiragen neman lu'ulu'u kuwa fiye da 800. Watau kusan duk namiji mai ƙarfi a teku ya ke cin bazara. Su kan fita wajen wata huɗu, lokacin tsananin zafi. Mai nutso ya kan matse hancinsa da wani ɗan maƙali, ya taka dutse mai igiya ya nutse da shi, ya tsinci kawa cikin kwando, in numfashi ya ƙare ya girgiza igiya, abokinsa da ke cikin jirgi ya jawo shi. Haka zai yi ta yi tun safe har faɗuwar rana, abincinsa dabino da shinkafa da kifi. Wannan sana'a ta kan ci kunne, ta ci ido, ta ci ƙirji, ruwan gishiri kuma ya caccaɓe fata da gyambo. Ga bashin mai jirgi a wuya, wanda sau da yawa ɗa kan gada daga ubansa.

Shaihu Abdullahi ɗan Jasim, na gidan Al Sani, ya hau sarauta cikin 1913. Sojan Turkawa suka fita daga Doha cikin 1915, sa'an nan cikin 1916 ya ƙulla yarjejeniya da Ingila, ƙasar ta shiga ƙarƙashin kariyarsu. Yarjejeniyar ta tsaro ce da sha'anin ƙasashen waje. Babu maganar lafiyar talakawa a ciki.

Daga nan masifu suka yi ta bin juna. Cikin 1918 annobar murar nan da ta game duniya, wadda kakanninmu suka kira marisuwa, ta shiga ƙasar Larabawa ta yi ɓarna, har mutanen Najadu suka sa wa shekarar suna Shekarar Rahama saboda yawan waɗanda aka yi wa addu'ar rahama. Cikin 1925 guguwa ta faɗa wa jiragen lu'ulu'u a tsakiyar teku, mutane da yawa suka halaka. Mutanen Japan kuma sun riga sun gano dabarar sa kawa ta yi lu'ulu'u a kiwo, kamar yadda a ke kiwon kaji, sai ga shi ya cika kasuwa da araha. Kasuwar duniya kuma ta karye cikin 1929, masu sayen kayan ado suka janye hannu. Cikin 1937 rikici ya tashi tsakanin Ƙatar da Baharain a kan garin Zubara, Baharain ta toshe ciniki da zirga-zirga. Yunwa ta shigo, gidaje suka yi ta ƙaura. Kafin ƙarshen shekarun 1940 an ƙiyasta mutanen da suka rage wajen 16,000 ne kawai.

MAGANIN DA SUKA GADA

Kada mai karatu ya zaci mutanen nan zaune su ke ba magani. Suna da nasu, kuma in ka ji shi sai ka ce a Zango a ke. Wanzami shi ke yin kaciya da ƙaho. Akwai masu lalas, watau a ɗora ƙarfe mai zafi a kan fata, har mai nutso kan sa a yi masa a ƙarƙashin kunne kafin ya fita teku, wai don rigakafin ciwon kunne. Akwai masu saiwa da ganye, suna aiki da sabir mai ɗaci, da za'afaran, da turaren lubban. Akwai masu ɗori, akwai ungozoma, akwai malamai masu tofi da addu'a.

Wannan magani ya yi amfani inda ƙarfinsa ya kai. Amma akwai inda ya tsaya. Ba ya fid da dutse daga mafitsara, ba ya ɗinke gwaiwa, ba ya ceton mace in ɗa ya gitta a ciki. Wanda irin wannan ta same shi, in yana da hali, sai a ɗauke shi a sa cikin jirgin ruwa mai filafilai a nufi Baharain ko Kuwait, tafiya gwargwadon yadda iska ta yarda. Wanda ba shi da hali kuwa sai ya kwanta ya jira hukuncin Allah.

LIKITOCIN MISHAN

Me ke Baharain da a ke zuwa nema? Asibitin Turawan Mishan na Amurka. Asalinsu, cikin 1889 waɗansu samari masu karatun addinin Kirista a garin New Brunswick, cikinsu har da Samuel Zwemer da James Cantine, suka kafa ƙungiya da nufin kai addininsu ƙasar Larabawa. Suka fara zama a Basra, kana Baharain, da Maskat, daga baya Kuwait. Ba su daɗe ba suka gane wa'azi a kasuwa ba ya shiga kunnen kowa, amma ƙofar da aka rufe wa mai wa'azi a kan buɗe wa likita. Cikin 1903 suka buɗe asibiti a Manama ta Baharain, wanda har yanzu yana aiki.

Gaskiya ita ce likitocin da suka aiko ba na wasa ba ne. Akwai Dakta Paul Harrison, wanda ya yi karatu a Johns Hopkins, ɗaya daga manyan makarantun likita na Amurka, ya bar neman dukiya ya zo ya koyi Larabci, ya shahara wajen aikin gwaiwa. Sarki Abdul'aziz ɗan Sa'ud ya kira shi Riyad cikin 1917, ya sake kiransa lokacin annobar mura, wadda ta ɗauke masa babban ɗansa Turki. Akwai Dakta Louis Dame, wanda ya yi wa shi Abdul'aziz ɗin kansa aikin wani mugun kumburi a fuska cikin 1923. Abin lura a nan, Abdul'aziz ya karɓi maganinsu, ya girmama su, amma bai yarda sun kafa gidan Mishan a Najadu ba. Su zo su yi aiki, su koma.

Haka Ƙatar ma ta saba da su. Likita kan zo daga Baharain bisa gayyatar Sarki, da akwatunan magani da kayan aiki, a ba shi gida, ya yi 'yan makonni yana duba Sarki da iyalinsa da duk wanda ya zo, sa'an nan ya naɗe kayansa ya tafi. Wanda ciwo ya kama bayan tafiyarsa sai ya jira wani zuwan, in yana da sauran kwana.

CIWON ƊAN SARKI

Shaihu Abdullahi yana da ɗa, Shaihu Hamad, wanda shi ne magajinsa, kuma shi ke riƙe da yawancin al'amuran mulki da uban ya manyanta. Allah Ya jarrabce shi da ciwon sukari.

Wannan ciwo ya bambanta da gwaiwa, wadda za a yi wa aiki sau ɗaya a sallami mutum. Shi ba ya warkewa, sai dai a yi ta lallaɓa shi. An gano allurar insulin a garin Toronto na Kanada cikin 1921 zuwa 1922, amma tana bukatar a riƙa auna mai ciwon, a ƙara ko a rage, a lura da abincinsa, a kula da ɗan ƙaramin rauni kada ya zama gyambo, ita kanta allurar kuma zafi na ɓata ta. Likitan da ke zuwa sau ɗaya a shekara ba zai iya wannan ba. Sai wanda ke zaune a gari.

Saboda haka cikin 1943 Shaihu Abdullahi ya ƙudura niyyar kafa asibiti a Doha. To, amma da wane kuɗi? Za ku ce, ina man fetur? An ba kamfanin Turawa izinin neman mai cikin 1935, aka kuwa same shi a Dukhan wajen ƙarshen 1939. Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya hana, aka toshe rijiyoyin cikin 1942, ba a koma aiki ba sai bayan yaƙi. Ga dukiya a ƙarƙashin ƙasa, ga yunwa a bisanta. Sarki ya nemi taimakon wakilan Ingila, waɗanda ƙasarsa ke ƙarƙashin kariyarsu, ba su biya masa bukata ba. Sai ya juya wajen Mishan, su kuwa suka amsa. Sai da aka shekara huɗu kafin abin ya tabbata. Cikin 1947 aka buɗe asibitin a unguwar Jasra, kusa da kasuwar da a ke kira Suƙ Waƙif, ba nisa da bakin teku.

Cikin 1948, shekara guda da buɗewa, Shaihu Hamad ya rasu. Wanda aka yi ginin dominsa bai daɗe yana amfana da shi ba. Likita na maganin cuta, ba ya maganin ajali. Amma ƙofar ba ta rufu ba, masu nutso da masunta da matansu da 'ya'yansu suka ci gajiyar abin da tausayin uba ya jawo. Kuma Allah Ya mai da sarautar ƙasar cikin zuriyarsa: ɗansa Halifa ya hau cikin 1972, jikansa Hamad cikin 1995, sa'an nan Tamim ɗan Hamad cikin 2013.

YADDA AIKIN YA KE

Gado 12 ne, likita ɗaya. Shi ma ba na dindindin ba ne: Mishan kan aiko wannan ya yi kwanakinsa, ya koma, a aiko wani. Cikin 1948 masu zuwa karɓar magani su koma gida sun kai wajen 75 a kowace rana.

Ku zo mu yi lissafi irin na 'yan makaranta. In likita ya zauna awa 10 bai tashi ba, bai ci abinci ba, mutum 75 kowa zai sami minti 8. Ba a sa waɗanda ke kwance ba, ba a sa wanda za a yi wa aiki ba, ba a sa kiran dare ba. In kuma ka raba mutum 16,000 ga gado 12, kowane gado na jiran fiye da mutum 1,300. Wannan lissafi ya nuna mana ƙanƙantar asibitin. Ya kuma nuna mana wani abu: mutanen da a ke cewa ba za su yarda da maganin Bature ba, ga su sun yi layi tun shekarar farko. Mai ciwo ba ya bukatar dogon wa'azi, in ya ga maƙwabcinsa ya shiga a ɗauke ya fito da ƙafarsa, ya isa.

Wajen mata an sami wata wahala da mu ma mun san ta. Mace mai kunya ba ta yarda namiji baƙo ya duba ta, mijinta ma ba ya yarda, sai ciwo ya ci ƙarfinta. Don haka Mishan ke da likitoci mata. Ɗaya daga cikinsu ita ce Dakta Mary Allison, wadda ta fara aiki a asibitin mata na Kuwait cikin 1934, ta kuma yi aiki a Ƙatar na ɗan lokaci. Ta rubuta labarin rayuwarta daga baya. Ku riƙe wannan magana ta likita mace, za mu komo gare ta.

SHIN YA HALATTA?

Na san wani dattijo zai tambaya: yaya Sarki Musulmi, a ƙasar da ke bin mazhabar Imam Ahmad ɗan Hambali, zai kira masu yaɗa wani addini ya ba su wuri? Tambaya ce mai kyau, kuma ba sabuwa ba ce.

Malamai sun halatta neman magani wurin wanda ba Musulmi ba, in gwani ne amintacce. Abu Dawuda ya ruwaito cewa da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya yi rashin lafiya, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi nuni da a nemi Harisu ɗan Kalada, likitan Ɗa'ifa, kuma malamai da yawa sun kafa hujja da wannan. Halifa Mansur, wanda ya gina Bagadaza, da cikinsa ya dame shi cikin 765, Kirista ya kira, Jurjis ɗan Bakhtishu, daga garin Jundishapur, zuriyarsa kuma suka yi ta yi wa halifofin Abbasiyawa aiki shekaru masu yawa. Musa ɗan Maimun, Bayahude, likita ne a fadar Salahuddin a Misira. Shaihu Abdullahi bai fita daga wannan hanya ba. Mutanen Doha sun sha magani, sun yi godiya, sun ci gaba da salla. Su kansu Mishan sun shaida cikin rubuce-rubucensu cewa waɗanda suka bi addininsu a gaɓar wannan teku, cikin dukan shekarun nan, 'yan kaɗan ne ƙwarai.

Amma akwai bambanci guda wanda ya kamata ya dame mu. Sa'ad da Mansur ya kira Jurjis, Musulmi ba su tsaya a kiran baƙo ba. Sun sa an juya littattafan Yunanawa zuwa Larabci, sun karanta, sun ƙara, har suka fid da irin su Razi da Ibn Sina, wanda littafinsa Alƙanun aka yi ɗaruruwan shekaru ana karantarwa a makarantun Turai. Sun gina asibitoci da su ke kira bimaristan: na Adudi a Bagadaza cikin 981, na Nuruddin a Dimashƙa cikin 1154, na Sarki Ƙalawun a Alƙahira cikin 1284, wanda aka yi wa waƙafi mai yawa don a duba mai kuɗi da matalauci kyauta. Tun kafin wannan duka, a Madina, Rufaida Ba'aslamiya tana da tanti inda ta ke jinyar masu rauni, can aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan Yaƙin Handaƙ. Ashe asibiti kayan gidanmu ne. Sakaci da talauci suka sa ya fita hannunmu, har ya komo mana a hannun baƙo muna kallonsa kamar ba mu san shi ba.

ABIN DA YA SA MISHAN SUKA SAKI

Cikin 1949 abubuwa uku suka faru. Shaihu Abdullahi ya yi murabus ya ba ɗansa Shaihu Ali sarauta. Ingila ta aiko wakilinta na farko ya zauna a Doha, John Wilton. Ranar 31 ga Disamba kuma jirgin farko ya ɗauki man Ƙatar daga tashar Umm Sa'id. Kuɗi suka fara shigowa, waɗanda suka yi ƙaura suka fara komowa, baƙi ma'aikata suka yi ta zuwa. Gari na girma, gado na nan 12.

Mishan kuwa hannunsu ya yi gajere. Suna da asibitoci a Baharain da Kuwait da Oman da Iraƙi, likitocinsu ba su da yawa, kuɗinsu kuma sadakar masu zuwa coci ce daga Amurka. Duk likitan da aka tura Doha, an bar gurbinsa a wani wuri. Cikin 1952 suka janye, Gwamnati ta karɓi asibitin ta ɗauko nata likitoci. Shekara biyar ke nan suka yi.

A nan ne gaɓar tarihin ta ke. Ranar da baƙon likita ya naɗe kayansa, babu ɗan ƙasa da zai zauna a kujerarsa, domin makarantar zamani ma sai a farkon shekarun 1950 aka fara ta a Doha. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Abin da ya ceci Ƙatar shi ne mai ya zo daidai lokacin da aron ya ƙare, ta sami abin ɗauko waɗansu likitocin da albashi. Da man ya yi jinkirin shekara goma, wa ya san abin da zai sami ɗakunan nan?

ABIN DA YA BIYO BAYA

Daga nan tafiya ta yi sauri. Gwamnati ta sa gasar zanen babban asibiti, wani Baturen Ingila mai zanen gini, John Harris, ya ci. Aka buɗe Asibitin Rumaila cikin 1957, da gado fiye da 100, a shekarar da tsohon Sarki Abdullahi ya rasu. Ƙasar ta sami mulkin kai ranar 3 ga Satumba 1971. Aka kafa hukumar asibitoci ta Hamad cikin 1979, aka buɗe Babban Asibitin Hamad cikin 1982.

Asibitoci masu zaman kansu sun komo daga baya, amma da wata fuska. Doha Clinic ya fara da ɗakin duba marasa lafiya cikin 1994, ya zama cikakken asibiti cikin 2001. Al Ahli da Al Emadi suka biyo cikin 2004. Waɗannan na kasuwanci ne, mai ciwo ko kamfanin inshorarsa ke biya. Na Jasra ya tsaya ne a kan bukatar Sarki da niyyar Mishan, waɗannan kuwa a kan jari.

Abin da ya fi daɗewa bai zo ba shi ne makarantar likita. Sai cikin 2001 aka kafa reshen makarantar Weill Cornell ta Amurka a Doha, ɗalibanta na farko suka fita cikin 2008, watau shekara 61 bayan buɗe asibitin Jasra. Kafin nan ɗan Ƙatar mai son zama likita sai ya fita waje. Gini kan tashi cikin shekara biyu in akwai kuɗi, amma likita sai an reno shi tun daga aji ɗaya. A unguwar Jasra ɗin nan kuwa, cikin Suƙ Waƙif, an wayi gari har shaho, tsuntsun farautar Larabawa, yana da asibitinsa. Ikon Allah ke nan, Mai juya al'amura.

ABIN LURA GARE MU

Wannan labari ba na nesa ba ne. A shekarar da Shaihu Abdullahi ya ƙudura niyyarsa, 1943, a cikinta Mishan na S.I.M. suka buɗe asibitin ido a Kano. Su ne kuma suka buɗe na Galmi a ƙasar Nijar cikin 1950. A nan Ghana Mishan na Basel sun buɗe na Agogo cikin 1931. Likita na farko daga Nijeriya ta Arewa, Dakta Barau Dikko, a hannun Mishan na Zariya ya tashi. Iyayenmu sun sha magani a waɗannan wurare kamar yadda mutanen Doha suka sha, da yawansu kuma suka hana 'ya'yansu makarantar boko don tsoron kada a juya musu addini. Tsoron yana da dalili a lokacinsa. Amma sakamakonsa shi ne muka daɗe muna kan layi, waɗansu na kan kujera.

Saboda haka ga abu uku da na ke roƙon jama'a su duba.

Na farko, kada mu rena ƙaramin abu. Gado 12 ba kome ba ne a idon mai kallon Doha ta yau, amma shi ne tushe, kuma mutum 75 na samun sauƙi a ƙofarsa kullum. In ƙungiya ta iya kama ɗaki biyu a unguwa, ta sami nas mai takarda da izinin hukuma, ana auna jini da sukari, ana duba masu ciki, ta yi babban aiki. Ciwon da ya kashe Shaihu Hamad yana cikin gidajenmu, da yawa kuma ba su san suna da shi ba sai ƙafa ta ruɓe ko ido ya tafi. Da yayyafi kogi kan cika.

Na biyu, abin da za mu kafa ya zamana yana da gindi a cikinmu. Taimakon baƙo abin godiya ne, amma baƙo yana da ranar tafiya, mu kuwa ba mu da rijiyar mai da za ta tare mu ranar. Kakanninmu Musulmi sun san maganin wannan, shi ne waƙafi: gida ko shago ko gona da a ke tsarewa, kuɗin hayarsa na tafiya ga asibiti har bayan ran mai shi. Attajiranmu masu gina masallaci a kan masallaci, ga wata ƙofar lada a buɗe. 'Yan'uwanmu da ke aiki a Doha da sauran ƙasashe, in kowa ya ware ɗan abu a wata, ya isa a fara. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na uku, kuma shi ne babba, mu reni namu likitoci. Malamai sun ce ilimin likita farilla ce ta kifaya: in waɗansu suka ɗauka an sauke wa kowa, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Imam Gazali ya koka da wannan tun zamaninsa, ganin gari cike da masu karatun fiƙihu amma babu likita Musulmi. Yaron da ya haddace Alƙur'ani yana da ƙwaƙwalwar da za ta ɗauki ilimin jikin ɗan Adam. Kuma ku tuna da Dakta Mary: in muna kishin kada namiji ya duba matanmu, to, ba mu da hujjar cire 'ya'yanmu mata daga makaranta, gama likita mace ba daga sama za ta faɗo ba. Iyayenmu dattawa, wannan a hannunku ya ke. Samari kuma, wanda Allah Ya ba basira kada ya sayar da ita da kuɗin tikitin jirgi.

Allah Ya jiƙan Shaihu Abdullahi da ɗansa Hamad da sauran Musulmi da suka riga mu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti, Ya tsare matafiyanmu, Ya fid da masu ilimi mai amfani daga cikin 'ya'yanmu, maza da mata. Lafiya uwar jiki. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Daga Malamin Makarantar Arabiyya.